Ɗan Aljanin Gidanmu

Kakarmu, Allah ya jiƙanta, tana da wata tatsuniya da ba mu taɓa jin ta a bakin kowa ba, har muna zargin ita ta ƙaga abarta don mu yi barci da wuri. Labarin wani ɗan ƙaramin aljani ne mazaunin kogon kuka, wanda Dodo ya zo cikin dare ya ɗauke uwarsa ya kai ta bayan dazuka bakwai. Ɗan aljanin nan bai kai tsawon taɓarya ba, ƙafafunsa kamar sillen kara, amma ya ci ɗamara ya bi sawu. A hanya ya gamu da tsohuwa a bakin rafi, ya cuɗa mata baya, ta ba shi ƙwai da tsintsiya da ɗan dutse. Sauran kun san shi. In Dodo ya matso a jefa ƙwai ya zama kogi, a jefa tsintsiya ta zama sarƙaƙiya, a jefa dutse ya zama tsauni. Daga ƙarshe ya dawo da uwarsa, sarkin aljanu ya raba gari biyu ya ba shi rabi.

A cikin tatsuniyar, ɗan aljanin yana da yayye shida. Kaka takan lissafa su a farko, har da sunayensu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Mun ji labarin nan ya fi sau hamsin muna kwance a tabarma a tsakar gida, a ƙauyenmu da ke ƙasar Kurfi, amma ko sau ɗaya ba wanda ya tambayi inda suka shiga.

Mu huɗu ne manya a ɗakinmu, maza uku da mace ɗaya, kuma da baki ɗaya muka yarda a rubuta wannan, don ba wanda yake son ya ɗauki "ni" shi kaɗai a cikin abin da za mu faɗa. Babbanmu malamin firamare ne a Dutsin-Ma. Mai bi masa yana da ɗan shagon tireda a hanyar jami'a. Na uku direba ne, yana jigila tsakanin Dutsin-Ma da Katsina. 'Yar'uwarmu tana aure a cikin birnin Katsina. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

Sai Auta. An haife shi a 2004, lokacin babbanmu ya riga ya shiga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Bakwaini ne, ya zo duniya ɗan firit, har ungozoma ta ce wa Inna ta sa haƙuri a ranta. Bai mutu ba. Ya tashi siriri mai manyan idanu, ba ya zama wuri ɗaya: yanzu ka gan shi a bakin rijiya, kafin ka juya yana ƙololuwar tsamiya. Kaka ce ta fara ce masa Ɗan Aljan. Inna ta yi ta faɗa a daina jawo wa yaro abin da ba a gani, amma sunan ya riga ya bi shi, har malaminsu na allo da shi yake kiransa.

A watan Oktoba na 2021 aka ɗauki Inna. An gama yankan gero, dawa tana tsaye. Wanda bai zauna a yankinmu a lokacin ba zai yi wuya ya gane irin kurmancin da muke ciki. Tun bayan kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 kowa ya san abin ya wuce satar shanu. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da dabbobi a manyan kasuwanni, har da ta Dutsin-Ma, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. Ba mu ce babu hujja ba. An yi ne don a toshe wa ɓarayin daji hanyar abinci da ta labari. Amma a daren da suka shiga ƙauyenmu, duk wayoyin garin ba su fi tocila amfani ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi wani ɗan kawunmu ya iso ƙofar gidan babbanmu a kan keke, leɓensa ya bushe, ya ce an tafi da mutum tara, da Inna a ciki.

Shekarunta 61, tana da hawan jini, kuma kwalbar maganinta tana nan a kan kwabet inda ta ajiye ta bayan sallar isha'i.

Kwana biyar ba labari. A na shida suka sako wani dattijo da ya kasa tafiya, suka ba shi kwalin taba da lambobin waya a rubuce a baya, aka ce a kira bayan isha'i. Kira kuwa sai an je inda akwai sabis. Haka muka riƙa shiga motar na ukunmu da la'asar, tafiyar sa'a guda zuwa Katsina, mu zauna a falon 'yar'uwarmu mu zuba wa waya ido kamar masu jiran ganin wata. Wani dare ta shiga, wani dare a kashe. Muryar da ke amsawa ta saurayi ce, ba ya ihu, yana ce wa babbanmu "Malam" cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Da miliyan goma ya fara. Babbanmu ya rantse masa ko an sayar da mu duka ba za a haɗa rabin wannan ba. Ya ce, "To ku yi shawara, Malam, tsohuwa dai ba ta cin abinci."

Ciniki muka yi, ba wani suna da za a ba shi. Yadda ake tayin sa a kara, haka muka yi ta tayin uwarmu, a ce albarka, mu ƙara, a kashe waya. Kwana 11 ana haka kafin a tsaya a miliyan ɗaya da rabi, da buhun shinkafa, da katin waya na dubu ashirin. Daga baya suka ce a bar shinkafar, a ƙara dubu talatin, don mutum ɗaya suke son gani kuma da ƙafa. Sau ɗaya suka ba Inna wayar. Ba ta yi kuka ba. Da yake ba ta faɗin sunan ɗan fari, cewa ta yi, "Kai ne? Ka gaya wa yaran kada a taɓa gonar fadama."

Gonar fadama muka fara taɓawa. Muka jinginar da ita ga wani mai hali a dubu ɗari shida. Shanun huɗa biyu da Baba ya bari, da kasuwa na ci da sun yi daraja, amma kasuwa a rufe take, sai wani dillali ya zo har gida bayan magariba ya saye su a kuɗin da har yau muke jin kunyar faɗa. Ya san ba mu da zaɓi, mu ma mun san ya sani, muka kuma yi masa godiya. Geron da aka yanka muka sussuke muka auna. 'Yar'uwarmu ta kawo 'yan kunnenta na aure da keken ɗinkinta. Mai shago ya karyar da kayan shagonsa. A masallacin unguwa aka yi sanarwa bayan sallar asuba, mutanen da su ma ba su gama biyan nasu bashin fansar ba suka riƙa ajiye ɗari biyu, ɗari biyar a kan darduma. Wannan ba za mu manta ba.

Yanzu muka zo wurin da ya sa muka yi wannan rubutu.

Ranar da kuɗi suka cika, muka zauna a zauren babbanmu mu huɗu da Kawu. Kowa a ƙasar nan ya san abin da kan samu mai kai kuɗin fansa: wani lokaci a karɓi kuɗin a saki wanda aka je dominsa a riƙe shi, wani lokaci a riƙe su duka biyun. Mai wayar ya ce kada a turo ɗan sa-kai, kada a turo mai kaki, mutum ɗaya kawai. Bai ce a turo yaro ba. Muna maimaita wannan ne don mun daɗe muna barin mutane suna zaton su suka ce sai yaro, ba mu gyara musu ba.

Lissafi muka yi, ko da yake ba wanda ya kira shi lissafi. Babbanmu ma'aikacin gwamnati ne, sun kuma san muryarsa. In suka riƙe shi, miliyan goman nan za ta dawo. Mai shago, sunansa kawai ya isa su zaci akwai wani abu a ƙasa. Direba yana da 'ya'ya biyar, matarsa tana watan haihuwa. Mace kuwa ba a ma kawo zancenta ba. Kawu ya ce da ƙafarsa na da lafiya da shi zai je, kuma gaskiya ya faɗa. Kowa ya kawo uzurin ɗan'uwansa, ba wanda ya kawo nasa, kuma duk uzurorin nan na gaskiya ne. Sai zauren ya yi tsit.

Auta yana bakin ƙofa, ya kawo mana ruwa bai koma ba. Shekarunsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare, a gidan babbanmu yake zaune. Ya ce, "Yaya, ni zan je. Ni in sun gan ni ba za su ga kuɗi ba."

Mun ce a'a. Wallahi mun ce a'a. Amma akwai a'ar da ake faɗa a miƙe tsaye, akwai wadda ake faɗa ana kallon tabarma. Tamu ta biyun ce, kuma yaro ne mai kaifin kunne.

Da asubar Alhamis muka shirya shi. Aka zuba kuɗin a ƙasan buhun taki, aka rufe da gero kwano uku. Aka sa masa tsohuwar riga mai yagaggen aljihu, aka karɓe katin makarantarsa, aka ce in sun tambaye shi ya ce tallan rake yake yi. Kawu ya kawo laya da rubutun sha. 'Yar'uwarmu ta ƙulle masa dabino da ƙuli-ƙuli a leda. Shi da kansa ya tuna da maganin Inna, ya cusa kwalbar a aljihun wando. Na ukunmu ya kai shi a mota yamma, ta ƙasar Safana, har ƙauyen ƙarshe da mota ke iya shiga, inda ake hango bakin dajin Rugu. Daga nan wani ɗan acaba ya yarda ya kai shi bakin wani busasshen rafi, ya ce ko nawa za a ba shi ba zai ƙetare ba. Direbanmu ya ce abin da ya gani na ƙarshe shi ne buhu yana tafiya a kan babur, don yaron bai fi buhun faɗi ba.

Kwana uku ba mu ji komai ba, babu kuma hanyar ji. Babbanmu ya je makaranta ranar Juma'a ya koyar da lissafi, ya ce har yau bai san abin da ya rubuta a allo ba.

Abin da ya faru a can, a gutsure muka same shi, cikin watanni, wani a bakin Inna, wani a bakinsa in ya ga dama. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a hanya shirun ƙauyuka ne. Ya ratsa kufai uku, ƙofofi a buɗe, turmi a kife, dawa ta nuna har ta sunkuya ba mai yanka, tsuntsaye sun samu gari. An ce masa ya bi rafin har ya ga kuka mai rassa biyu, ya zauna a gindinta kada ya waiwaya. Ya ce da ya ga kukar sai da ya tuna Kaka, ya kusa yin dariya. Ya zauna tun azahar har rana ta yi ja, sannan ya ji ƙarar babura.

Waɗanda suka zo sa'o'insa ne. Wannan ya fi faɗa mana fiye da komai. Ɗaya ko gemu bai fara ba, bindigar da ke rataye a kafaɗarsa tana dukan ƙwaurinsa in yana tafiya. Suka ɗaure masa ido da rawani, suka ɗora shi a tsakiya. A sansanin, wani daga cikinsu ya miƙo masa waya ya ce an juya masa ita zuwa wani yare, ko ya iya gyarawa. Auta ya manta shi mai tallan rake ne, ya karɓa ya gyara. Yaron ya dube shi ya ce, "Ashe ɗan boko ne." Bai gaya wa kowa ba.

Ƙirga kuɗin ya ɗauki sa'o'i, don ɗaya bayan ɗaya suke ƙirgawa a hasken tocila, suna ware duk takardar da ta yage ko aka liƙe. Kuɗin masallaci ne, sun sha hannu. Da aka gama aka ce saura dubu goma sha ɗaya. Babbansu ya ce an raina shi, ya sa gindin bindiga ya bugi Auta a kafaɗa, ya ce tunda haka ne tsohuwa ta tafi, yaro ya zauna a madadin ciko. Aka kai shi inda aka tara mutane a ƙarƙashin wata bishiya, aka ɗaure ƙafarsa da ta wani mutum.

A nan Inna ta gan shi. Mun ɗauka za ta rungume shi, ko ta yi hamdala. Ita da bakinta ta gaya wa 'yar'uwarmu abin da ta ce, ta kuma ce ba ta san lokacin da ya fito ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ina yayyenka?"

Ya ce mata suna gida lafiya, suna gaishe ta. Ya ciro kwalbar ya ba ta ƙwaya ɗaya, ta haɗiya ba ruwa.

Da safe babban nasu ya sake su duka biyun. Mun sha tambayar Auta me ya canza, ko roƙo ya yi, ko layar Kawu ce. Ya ce ba abin da ya canza, mutumin ya tashi cikin nishaɗi ne kawai, yana jin waƙa a rediyo. Ya karɓe takalman Auta ya ba wani yaro, ya ce su ɓace kafin ya sake shawara. Sauran mutanen ƙauyenmu suka riƙa jefo masa saƙo ƙasa-ƙasa: ka gaya wa wane ya sayar da kaza, ka ce wa wance ina raye. Ya haddace su duka kamar karatun allo, ya kuma isar da kowanne. A cikin taran nan, biyu ba su dawo ba har yau.

Ƙafafun Inna sun kumbura, ba ta yi nisa ba ta zauna ta ce ya tafi ya turo manya. Ya kwance mayafinta ya goya ta da shi, yana tafiya yana sauke ta, ba takalmi, a kan ƙaya da tsakuwa. Wajen la'asar suka gamu da wani tsohon Bafulatani a wata 'yar bukka, wanda shi ma an kore masa shanu kaf, ba abin da ya rage masa sai jaki ɗaya. Ya ba su ruwa, ya kwanar da su, da asuba ya ɗora Inna a kan jakin ya raka su har inda ake jin kiran salla, ya juya bai faɗi sunansa ba. Ranar Asabar da yamma wani mai a-kori-kura ya sauke su a bakin tasha a Dutsin-Ma. 'Yar'uwarmu ta kwana biyu tana cire ƙaya daga tafin ƙafarsa da allura.

A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. A rediyo muka ji, muna zaune da Inna. Ba mu yi musu da masu wannan ra'ayi ba, don mun san inda kuɗinmu suka tafi. Gonar fadama da shanun Baba da ɗari biyar-biyar ɗin masallaci sun zama harsashi da fetur, wataƙila da su aka shiga ƙauyen gaba. Muna ɗauke da wannan. Amma wanda ya rubuta ƙudirin bai zauna a falon nan yana jin ana ce masa tsohuwa ba ta cin abinci ba, kuma da za a mayar da mu wancan watan, biya za mu sake yi. Abin da muke gardama a kai tsakaninmu, in dare ya yi, shi ne wa ya kamata ya ɗauki buhun.

Inna ba ta koma ƙauye ba, tana ɗaki ɗaya a gidan babbanmu. Garin ma ba tudun mun tsira ba ne: a Oktoban 2023 har cikin Dutsin-Ma aka shiga aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya. Gonar fadama tana hannun mai jingina. Inna ta sani, ba ta taɓa tayar da zancen ba, kamar yadda ba ta taɓa yi mana tambayar da ta yi wa Auta ba. Da ta yi da mun fi samun sauƙi.

Shi kuwa ya rubuta jarrabawarsa a 2022, ya ci wasu ya faɗi wasu, yanzu yana gyaran waya a Katsina. Ya yi tsawo, ya yi shiru. Ba ya kwana a ɗaki in an kulle ƙofa, kuma in babura suka wuce da yawa a jere sai ya ajiye abin da ke hannunsa har su yi nisa. Mutanen unguwa suna nuna shi suna cewa ga yaron da ya shiga Rugu ya fito da uwarsa, mu ma mukan taya su yabo, wataƙila fiye da kima. Sunan Ɗan Aljan ya faɗi da kansa, ba wanda ya hana. 'Ya'yanmu suna kallon finafinan Turawa a waya, na wasu halittu masu tsinin kunne da kwari da baka da ke ratsa daji don ceton nasu, sukan kuma matsa a yi musu tatsuniya. Muna yi musu ta Gizo da Ƙoƙi. Ta Kaka ba wanda ya sake ɗaukowa.

A Babbar Sallar da ta wuce muka haɗu duka a gidan babbanmu. Bayan la'asar muna zaure, zauren nan dai, an kawo soyayyen nama a tire. Ana hirar tsadar raguna sai Auta ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Yaya, wai da sun riƙe ni a ranar nan, nawa za ku biya?"

Babbanmu ya ajiye tsokar da ke hannunsa. Ya ce, "Haba Auta. Ai da mun sayar da duk abin da muka mallaka."

Auta ya ce, "Ai kun riga kun sayar, Yaya."

Ya yi 'yar dariya, ya jawo tiren gabansa, ya tambaya ko akwai sauran yaji.